Dalilin da ya sa farashin naira a shagon intanet yake bambanta da kuɗin da banki ke cira

Da zarar kaka ta yi, aka kai masara kasuwa a Mahuta, Funtua ko Malumfashi, matasa da yawa sukan buɗe AliExpress ko Temu su duba waya, fitilar sola ko injin feshi. Manhajar takan nuna farashi da naira, mutum ya lissafa kuɗin aljihunsa ya ga sun isa. Sai ya biya, alat ya shigo, ya tarar abin da aka cira ya ɗara abin da ya gani. Ba lallai ne an cuce shi ba. Sau da yawa adadin da ke kan allon waya kiyasi ne, ainihin kuɗin kuma yana hannun wanda ya yi canjin.

Daga ina farashin nairar yake fitowa?

Ɗan kasuwar da ke Chana ba da naira yake sa wa kayansa kuɗi ba, da yuwan ko dala yake lissafi. Shagon ne yake gane ƙasar da mai saye yake, ta lambar intanet ɗinsa ko ƙasar da ya zaɓa a manhaja, sannan ya ninka farashin da canjin da ke cikin kwamfutarsa. Wasu shagunan sukan ɗora ɗan kaso a kai don kada su yi asara idan naira ta faɗi kafin kuɗin su isa gare su.

Shi kansa canjin ba ɗaya ba ne. Akwai na hukuma wanda Babban Bankin Najeriya yake wallafawa, akwai na 'yan canji irin na Wapa a Kano, akwai wanda Google ke nunawa, wato tsaka-tsakin farashin saye da na sayarwa, akwai kuma wanda kowane banki yake sa wa katinsa. Na Google na kallo ne kawai, babu mai sayar wa mutum dala a kansa.

Wa yake yin canjin?

Hanya biyu ce. Idan shago ya karɓi naira kai tsaye ta hanyar kamfanin biyan kuɗi na cikin gida, abin da aka nuna a shafin biya shi za a cira, domin shagon ya riga ya yi canjin ya haɗa ribarsa a ciki. Idan kuwa shagon ya nuna naira amma ya aika wa banki takardar biya da dala, to banki ne zai canza da nasa farashin na wannan rana.

A ɗauki misali da injin feshi na dala 20. Shago ya lissafa dala a naira 1,500, ya nuna naira 30,000. Banki kuma ya lissafa a 1,560, sai a ciri naira 31,200. Bambancin naira 1,200 bai kai a damu ba, amma a wayar dala 200 ya zama naira 12,000. Haka abin yake idan aka fasa ciniki: dalar ake mayarwa, a canza ta da farashin ranar da ta dawo, don haka nairar na iya dawowa da ragi ko da ƙari.

Yadda lissafin ya sauya tun 2023

A watan Yunin 2023 Babban Banki ya haɗe hanyoyin canji wuri ɗaya ya bar kasuwa ta yi halinta. Kafin nan dala tana wajen naira 460 a hukumance, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kayan dala 20 da lissafinsu ke kama naira 9,200 a canjin hukuma sun koma 30,000 ba tare da mai kayan ya ƙara ko sisi ba. Manomi shi ya fi jin wannan, domin kuɗinsa sau ɗaya suke zuwa a shekara, kuma farashin buhun masara ba ya bin dala sau da ƙafa.

A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar gaba ɗaya. Hakan ya tura matasa ga katunan dala na manhaja, waɗanda ke da nasu canjin da kuɗin caji. A Yulin 2025 bankuna irin su GTBank da UBA suka dawo da biyan kuɗi a waje da katin naira, kowanne da iyakarsa da canjinsa.

Abin dubawa kafin a danna maɓallin biya

Da farko a sauya kuɗin manhajar zuwa dala a ga asalin farashin, a ninka shi da canjin bankin da za a yi amfani da katinsa, a kwatanta da nairar da shago ya nuna. Sannan a duba shafin ƙarshe da kyau, domin a nan ake rubuta nau'in kuɗin da za a cira, tare da kuɗin aiko da kaya wanda wani lokaci ba ya cikin farashin farko. Kaya masu tsada kuma na iya haɗuwa da harajin kwastan.

Yana da kyau a bar rarar kuɗi a asusu, don cinikin na iya faɗuwa saboda gibin naira ɗari biyar. A ɗauki hoton shafin biya a ajiye, shi ne hujja idan an je banki ƙorafi. Daga ƙarshe a tambayi farashin kayan a shagunan waya na Funtua ko Farm Centre a Kano. Idan aka haɗa canji, kuɗin aiko da makonnin jira, wani lokaci na gida ya fi sauƙi, kuma ana gwada shi kafin a biya.