Sallama Kafin Hoto

A watan Janairu, cikin sanyin hunturu, muka tafi Kano bikin auren wani ɗan'uwa cikin Ubangiji a Sabon Gari. Da aka gama biki, sauran kwana biyu mu koma gida. Muna tafe da ƙaramar kyamara, irin wadda take shiga aljihun riga, wadda muka saya domin hotunan iyali. Sai muka ce bari mu zaga birni mu ɗauki hotunan mutane a bakin aikinsu, domin yara a gida su ga abin da muka gani. Mun dawo da hotuna, mun kuma dawo da wani darasi wanda muke so mu faɗa wa masu karatu.

Asalin ƙaramar kyamara

Dattawa za su tuna da mai hoto na dā, da babban akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle da yake rufe kansa da shi. Irin wannan ba ya ɗaukar mutum a ɓoye. Sai ka yi wanka, ka sa rigarka mai kyau, ka zauna shiru. Amma a ƙasar Jamus wani maƙeri, Oskar Barnack, ya ƙera ƙaramar kyamara mai aiki da filim irin na sinima. A 1925 aka fara sayar da ita da sunan Leica. Daga nan mutum ya sami damar yawo kan titi yana ɗaukar jama'a suna tafiya, suna ciniki, suna dariya. Wani Bafaranshe, Henri Cartier-Bresson, ya yi suna ƙwarai a wannan aiki. Har yakan rufe wuraren da ke ƙyalli a jikin kyamararsa da baƙin abu domin kada a lura da shi.

To, amfanin ƙaramar kyamara ke nan, haɗarinta kuma ke nan. Ba ta da nauyi, ba ta tsorata kowa. Amma tana sa mutum ya ɗauki abin da ba a ba shi ba.

A Kasuwar Kurmi

Da safe muka hau a-daidaita-sahu zuwa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta matsattsu ne. Ga dukawa da jakunkuna, ga masu sirdi da linzami, ga masu turare da kayan yaji. A bakin wani lungu muka ga wata dattijuwa tana dama fura a ƙwarya, hasken rana ya sauka a gefen fuskarta. Ba mu ce mata komai ba, muka ɗaga kyamara muka latsa.

Ashe ta gani. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Malam, ko akuya za ka taya, ai ka yi wa mai ita sallama."

Kunya ta rufe mu. Muka matsa kusa muka rusuna, muka ce, "Inna, mun yi laifi, ki yi haƙuri." Muka nuna mata hoton a bayan kyamara. Ta daɗe tana dubansa, sa'an nan ta ce, "Ina za ka kai ni? 'Ya'yana ba su sani ba." Ba mu da amsa mai kyau. A gabanta muka goge shi. A cikin dukan hotunan da muka ɗauka a tafiyar nan babu wanda ya kai shi kyau, yanzu kuwa babu shi. Muka sayi fura, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Da dare muka yi ta tunani. Littafin Farawa 1:27 ya koya mana cewa kowane mutum yana ɗauke da kamannin Mahaliccinsa. Matiyu 7:12 kuma ya ba mu ma'auni: mu auna abin da za mu yi wa wani da abin da za mu so a yi mana. Da baƙo ya ɗauki hoton mahaifiyarmu a kasuwa ya watsa shi a Facebook ba da saninta ba, da ranmu ya ɓaci. Ban da haka, lafazinmu ya nuna mu baƙi ne, wataƙila ta gane mu Kirista ne. Wane irin shaida muka bari a wurin?

A marinar Ƙofar Mata

Kashegari muka sake dabara. Muka tafi marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita suke lissafin farkonta daga 1498. Muka bar kyamara a aljihu. Muka yi sallama, muka ce wa wani tsohon marini, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yauwa, sannunku da zuwa." Muka tambaye shi yadda ake haɗa ruwan rini. Ya nuna mana baba da toka, ya bayyana yadda ake barinsu kwanaki a cikin karofi har su nuna. Ya tsoma ƙyalle ya ɗaga. Muka ga ya fito kore-kore, da iska ta buge shi sai ya koma shuɗi a kan idonmu.

Bayan wajen rabin sa'a muka ce, "Baba, ko za ka yarda mu ɗauki hotonka?" Ya yi dariya ya ce, "Ku bari in tsoma tukuna, kada a ce Baba yana zaman banza." Ya koma aikinsa ya manta da mu. A dā muna zaton in an tambayi mutum zai sandare kamar soja. Ashe in ka daɗe tare da shi, sai ya sake jiki. Ya kai mu mabuga, inda ake bugun zane da guduma ta itace har ya yi ƙyalli, ya gabatar da mu da bakinsa.

Wannan ya tuna mana da J. D. 'Okhai Ojeikere, mai hoto ɗan ƙasarmu wanda ya rasu a 2014. Daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya, wajen dubu, yana adana sunayen kitson. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da yardar masu kai.

Shawara ga mai tafiya

Ku fita da sassafe ko da la'asar. Ranar tsaka tana sa baƙar inuwa a ƙarƙashin ido. Bari rana ta kasance a bayanku ko a gefenku.

Ƙaramar kyamara ba ta jawo abu daga nesa da kyau. Ku matsa kusa, wannan kuwa zai tilasta muku gaisuwa.

Ku latsa maɓallin rabi, ku jira ta daidaita, sa'an nan ku ƙarasa. Ku kashe fitilar walƙiya, gama tana firgita mutane.

Ku ɗaura igiyarta a hannu. Lokacin hunturu ku sa ta cikin jaka saboda ƙura. Ku riƙe batir na biyu.

Kada ku ɗauki masu salla, ko matan aure, ko yara ba da izinin manya ba. Kada ku mai da wahalar mabaraci abin kallo. Ku nisanci barikin soja, shingen 'yan sanda da filin jirgin sama.

In an ce a'a, ku yi godiya ku wuce. In kun yi alkawarin aiko da hoto, ku cika. Duk wannan ya shafi mai ɗauka da wayar hannu ma.

Da muka koma gida muka wanke hoton Baba marini guda biyu. Ɗaya muka aika masa ta hannun ango, ɗaya yana jikin bangon ɗakinmu. Yara sukan tambaye mu labarinsa, mukan kuma ba su labarin Inna mai fura, wadda ba za su taɓa ganin fuskarta ba. A addu'ar iyali mukan tuna da su duka biyu. Allah ya ba mu idon da zai ga maƙwabci kafin ya ga hoto. Amin.