Mapul: Bishiyar da 'yan ƙwallon kwando ke tsalle a kan katakonta

Duk mai kallon gasar ƙwallon kwando ta NBA ya saba ganin filin nan mai sheƙi, wanda ƙarti ke dira a kansa dare da rana ba ya ko gezau. Kusan dukkan filayen gasar da katakon bishiya iri ɗaya ake shimfiɗa su: mapul mai tauri.

Bishiyar tana fitowa ne a gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, inda sanyi ke tsanani. Ganyen mapul ne a tutar Kanada tun 1965. Daga ruwan jikinta kuma ake dafa wani abin zaƙi mai kama da zuma, sai an tafasa kusan lita 40 kafin a samu lita ɗaya.

A ma'aunin taurin katako na Janka, mapul mai tauri yana da maki 1,450, yayin da ɗan uwansa jan mapul ya tsaya a 950. Ramukan jikin katakon ƙanana ne ƙwarai, don haka yana yin sumul idan an goge shi, ba ya kuma tara datti. Shi ya sa mahauta da masu girki ke son sa a matsayin allon yanka nama.

Wani abin mamaki, a yawancin itatuwa zuciyar itacen ake nema, amma a mapul farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo shi ne mai daraja.

Sai dai katakon yana da aibinsa. Bayan Barry Bonds ya kafa tarihi a wasan besbol a 2001 da sandar mapul, 'yan wasa suka yi mata caa. Zuwa 2008 sandunan sun yawaita tarwatsewa, ɓaraguzai na tashi kan jama'a, har hukumar gasar ta tsaurara dokar yadda ake yanko katakon.

Babbar damuwar yanzu ita ce makomar bishiyar. Takan kai shekara 40 kafin a fara tatsar ruwanta, ga ɗumamar yanayi na rage sanyin da take buƙata. Ga kuma wani ƙwaro daga Asiya, da aka fara gani a New York a 1996, mai huda itacen har ya mutu. Bishiyar da ya shiga sare ta ake yi, wadda aka dasa a gurbinta kuwa sai dai jikoki su mora.