Mi ya sa Amurkawa ke shan wuya wajen koyon harshen wasu?



In ka shiga kasuwar Tawa ko ta Yamai, za ka ga mutum guda ya yi ciniki da Hausa, ya juya ya gaisa da Zabarmanci, ya taya rago da Fillanci. Wataƙila bai taɓa zama a aji ba. To, ga abin mamaki. Amurka ƙasa ce mai arziki da manyan makarantu. A 1969 ta kai mutum bisa wata. Amma yawancin ƴaƴanta harshe guda suke ji, wato Ingilishi. In aka ce su koyi wani harshe, musamman Larabci, sai abin ya zame musu dutse. Yau za mu duba dalili.

Abin da ya faru a Bagadaza

A 2003 sojojin Amurka suka shiga Iraƙi. A 2006 wani kwamiti na manyan ƙasar ya binciki yadda al'amura ke tafiya can. Ya tarar ofishin jakadancin Amurka na Bagadaza yana da ma'aikata wajen 1,000. Cikinsu 33 kaɗai ke jin Larabci. Cikin 33 ɗin nan, 6 ne suka iya shi sosai.

Ku auna wannan. Mutum yana zaune a ƙasar da ake yaƙi, ba ya jin abin da ake faɗa a titi, ba ya iya karanta jarida. Kome sai ta bakin tafinta. In tafinta ya yi kuskure, ko ya rage magana, ba yadda za ka gane. A wurin yaƙi, kuskuren kalma guda yana iya cin rai.

Dalili na farko: babu tilas

Amurka tana da faɗi ƙwarai. Ta ninka Nijar fiye da sau 7. Tana da jihohi 50 da mutane fiye da miliyon 330. Daga birnin Niyok na gabas zuwa Los Anjalas na yamma kusan kilomita 4,000 ne. Duk tsawon wannan tafiya, da Ingilishi za ka sayi abinci, ka nemi masauki, ka ga likita. In ka haura arewa zuwa Kanada, mafi yawan mutanen can ma Ingilishi suke yi.

Ko Ba'amurke ya fita waje, harshensa ya riga shi isa. A filin jirgi, a otal, a banki, yakan samu mai jin Ingilishi. In ya fara ƙoƙarin Larabci a Alƙahira, sau da yawa sai mai kanti ya amsa masa da Ingilishi don ya sauƙaƙa masa. Hausawa sun ce, wanda ya samu rana sai shanya. Shi kuwa Ba'amurke ya samu duniya tana koyon harshensa, sai ya miƙe ƙafa.

Mai cinikin kasuwar Tawa ba haka yake ba. In bai koyi harshen mai saye ba, ciniki ya wuce shi. Buƙata ce malaminsa.

Dalili na biyu: makaranta

A Amurka babu dokar ƙasa guda da ta ce kowane yaro sai ya koyi harshen waje. Kowace jiha ita ke tsara nata. A 2018 wata cibiyar bincike mai suna Pew ta kwatanta Amurka da Turai. Cikin ƴan makaranta 100 na Amurka, wajen 20 ne ke koyon wani harshe. A ƙasashen Turai, in an ɗauki tsaka-tsaki, 92 ne cikin 100.

Kuma masu koyon da yawa ba su farawa da wuri. Sai sun kai shekara 14 ko kusa da haka. Su yi shekara 2, su ajiye. Mu yi lissafi tare. Shekarar makaranta a can kwana 180 ce, ko kusa. Ko da awa guda ake yi kowace rana, shekara 2 ta ba da awa 360 ke nan. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo gare shi.

Dalili na uku: tarihi

Amurka ƙasar baƙi ce. Mutane sun zo mata daga Jamus, Italiya, Sin, Labanan da wurare da dama, kowa da harshensa. Amma an daɗe ana nuna wa baƙo cewa in yana son ya zama ɗan ƙasa sosai, sai ya kama Ingilishi. Ga yadda abin yakan kasance. Kaka ya zo da harshensa. Ɗansa yana jin biyu. Jika kuwa sai Ingilishi kaɗai.

Akwai lokacin da aka yi abin da ƙarfin doka. A 1915, kusan ɗaya cikin 4 na ɗaliban sakandare Jamusanci suke koyo. A 1917 Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, sai aka tsani harshen. A 1919 jihar Nebraska ta hana a koya wa ƙananan yara harshen waje. Wani malami mai suna Robert Meyer ya karantar da yaro ɗan shekara 10 da Jamusanci, aka kai shi gaban alƙali, aka ci shi tara. Sai a 1923 babbar kotun ƙasa ta soke dokar. Amma ɓarna ta riga ta auku. A 1922 masu koyon Jamusanci ba su kai ɗaya cikin 100 ba.

Bayan haka, gwamnati takan tuna da harsuna in tsoro ya zo. A 1957 Rasha ta harba tauraron Sputnik sama, ta riga Amurka. A 1958 aka yi doka, aka zuba kuɗi don koyar da kimiyya da harsuna. Haka kuma bayan harin 11 ga Satumba 2001, hukumomin tsaro suka shiga cigiyar masu jin Larabci. Ɗalibai suka ruga. A 1998 masu koyon Larabci a jami'o'in ƙasar wajen 5,500 ne. A 2009 sun kai wajen 35,000. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Harshe ba ya nuna cikin wata guda.

Dalili na huɗu: Larabci ya yi nisa da Ingilishi

Gwamnatin Amurka tana da makaranta inda take koya wa jakadunta harsuna. Makarantar ta auna lokacin da mai jin Ingilishi ke buƙata. Faransanci yana cin awa 600 zuwa 750 a aji. Larabci kuwa awa 2,200, wato sati 88, mutum ba ya wani aiki sai karatu. Ta sa shi a sahu guda da harsunan Sin, Japan da Koriya. Yanzu ku tuna da awa 360 ta ɗan sakandare. Ko kashi ɗaya cikin 6 bai kai ba.

Mi ya kawo wannan nisa? Abu huɗu ne.

Na ɗaya, kalmomi. Ingilishi ya ari dubban kalmomi daga Faransanci. Ba'amurke da ya buɗe littafin Faransanci yakan tarar da kalmomin da ya sani. A Larabci kusan kowace kalma baƙuwa ce gare shi. Mu kuwa mun daɗe da aro daga Larabci. Littafi, alƙalami, duniya, lahira, duk daga can suka zo. Haka Lahadi, Litinin, Talata har zuwa Asabar. Haka ashirin, talatin, arba'in.

Na biyu, rubutu. Baƙaƙen Larabci 28 ne, ana rubuta su daga dama zuwa hagu. Baƙi guda yana sake kama in yana farkon kalma, ko tsakiya, ko ƙarshe. A jarida da littattafai da yawa ba a sa wasali. Sai wanda ya riga ya san kalmar zai karanta ta daidai.

Na uku, furuci da nahawu. Akwai sautuka irin su ainun da ha mai fitowa daga maƙogwaro, waɗanda babu su a Ingilishi. Kuma Larabci yana bambanta namiji da mace wajen magana: anta ga namiji, anti ga mace. Mu ma muna da kai da ke, don haka bai ba mu mamaki. A Ingilishi kalma guda ce ga kowa.

Na huɗu, kuma shi ya fi karya gwiwa, Larabcin littafi daban, na kasuwa daban. A makaranta galibi ana koyar da Fusha, harshen littattafai da labarun rediyo. Amma a gida da titi kowace ƙasa da nata. Ku ɗauki kalmar "yanzu". A Fusha al'ana ce. A Masar dilwa'ti ake cewa. A Labanan halla. A Maroko daba. Ɗalibi ya yi shekara 3 yana karatu, ya sauka Alƙahira, direban tasi ya yi masa magana, bai gane ba. Wasu daga nan suke sarewa.

Kada mu yi musu kuɗin goro

Ba duka Amurkawa ne masu harshe guda ba. Wajen mutum ɗaya cikin 5 yana yin wani harshe a gida. Fiye da miliyon 40 suna yin Sifaniyanci. Fiye da miliyon guda suna yin Larabci, kuma a garin Dearborn na jihar Mishigan za ka ga allunan kantuna da rubutun Larabci. Waɗannan yawanci baƙi ne da ƴaƴansu. Su ma buƙata ce ta sa su riƙe harshe biyu.

Mu nan Nijar mun ga shaida da idonmu. Daga 1962 zuwa 2011 samari da ƴanmata Amurkawa na ƙungiyar Corps de la Paix sun yi aikin sa kai a ƙauyukanmu. Sukan zo ba su jin ko sannu. A kai mutum ƙauye inda ba mai jin Ingilishi. In yana son ruwa, sai ya roƙa da Hausa ko Zabarmanci. Yara su yi masa dariya, tsofaffi su gyara masa. Kafin shekara 2 ta cika, da yawansu suna ciniki, suna ba'a, har da karin magana. Kansu bai sake ba. Wurin zamansu ne ya sake.

Abin da za mu riƙe

Wuyar da Amurkawa ke sha ba ta rashin basira ba ce. Harshe yana son abu uku: buƙata, lokaci mai tsawo, da yin magana kullum ba tare da jin kunyar kuskure ba. Inda ukun nan suka haɗu, Ba'amurke yana koyo kamar kowa. Inda suka ɓace, kuɗi da manyan makarantu ba su isa ba.

Kai kuma mai jin harshe biyu ko uku, kada ka rena kanka don ka fara boko da furfura. Abin da ke bakinka, wata babbar gwamnati tana kashe kuɗi da shekaru tana nema wa ma'aikatanta.

Ga tambayoyi biyu da za ku tattauna a ajinku. Harshe nawa kowannenku ke ji, kuma ina ya koye su? Akwai harshen da kakanninku ke ji, wanda ƴaƴanku ba su ji?