Kifin ado: Ɗan yatsa a yau, gagarau a gobe

Kifin ado, wato wanda ake sakawa a akwatin gilashi a falo ko ofis, haja ce da Nijeriya ta daɗe tana fitarwa zuwa Turai da Amurka ta Legas. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa ba su wuce tsawon yatsa ba, 'ya'yan manyan kifayen kogunanmu ne, kuma girmansu na nan tafe.

Ɗan sarki, wanda wasu ke kira yauni, yana kaiwa mita ɗaya da rabi. Gaiwa da bargi kan kai mita guda, minjirya kuwa ƙarfin lantarkinta na ƙaruwa ne gwargwadon girmanta. Shi ko giwan ruwa, wanda ake gasar kama shi a Argungu, yakan haura kilo 100.

Wannan batu ya shafi fataken da ke bin hanyar Kano, Damagaram, Agadas da Dirku zuwa Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya. Ƙasar hamada ce, babu kogi, ruwan saman shekara bai kai milimita 20 ba. Babban kifi kuwa yana bukatar ɗaruruwan litoci, da sauya ruwa a kai a kai, da injin tace ruwa wanda ba ya aiki in an ɗauke wuta. Idan kifin ya fi ƙarfin akwati, sai mai shi ya rasa yadda zai yi: tafkunan Ubari irin su Gabar'aun gishirinsu kashe shi zai yi, ƙananan idanun ruwa masu daɗi kuwa shi zai cinye abin da ke cikinsu.

An ga irin wannan ɓarna a wasu wurare. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a Tafkin Biktoriya, kafin ƙarshen shekarun 1980 kimanin nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin sun ɓace. A 2002 kuma aka gano wani kifin Asiya ɗan'uwan tufi yana hayayyafa a wani kududdufi a jihar Merilan ta Amurka, bayan wani mutum ya sake shi. A shekarar ce gwamnatin ƙasar ta haramta shigo da duk danginsa da rai, har da tufin namu.

Don haka ɗan kasuwa ya san sunan kifin da ya saro da iyakar girmansa, ya kuma faɗa wa mai saye tun kafin a yi sallama, domin ɓoye wannan algus ne. Ya nemi takardun hukumar kamun kifi da na kwastan kafin ya tsallaka iyaka. Mai saye kuma ya auna ruwansa da aljihunsa, ya tambayi ko za a karɓi kifin in ya yi girma. In babu amsa, gara ya zaɓi ƙananan da ba su wuce yatsa har su tsufa.