Me Ya Haɗa Bishop Kukah da Dajin Rugu?

A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, suka kashe mutum kusan 30. A watan Afrilu suka sake zubar da jini a Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma, inda 'yan sanda suka ƙidaya gawa 47. A Disamba kuma aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Bayan mako biyu sai ga saƙon Kirsimeti daga Sakkwato, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ya zargi gwamnatin Buhari a cikinsa da son kai wajen rabon muƙamai da gazawa wajen tsare rayuka. Ƙura ta tashi. Jama'atu Nasril Islam ta yi masa raddi, wata ƙungiya a Sakkwato ta ce ya nemi gafara ko ya bar jihar.

A cikin hayaniyar ba a tsaya an warware wata tambaya ba. Waɗanda ake kashewa a waɗannan garuruwa na bakin dajin Rugu galibinsu Musulmi ne, manoma da makiyaya. Shi kuwa limamin ɗariƙar Katolika ne, ɗan kudancin Kaduna. Ina ruwan biri da gada?

Bakin zaren yana kan taswira. Lokacin da Fafaroma Benedict ya naɗa shi bishop a 2011, yankin da aka ɗora masa ya haɗa jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Katsina. Ke nan a lokacin Batsari da Safana na cikin ƙasar da yake kula da majami'unta, kuma hanyoyin da fasinjoji ke bi rai a hannu su ne limamansa ke bi. Sai dai taswira ba ta isa ta bayyana zafin muryarsa ba.

Sai a duba kwanan wata. A ranar 8 ga Janairu 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman coci ta Good Shepherd da ke Kaduna. Uku sun dawo. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga yankin cocin da Kukah ke kula da shi, gawarsa aka tsinta. Bishop ɗin ya yi huɗubar jana'izarsa ranar 11 ga Fabrairu, kwanaki kaɗan kafin harin Tsauwa. A watan Mayun 2021 kuma aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. Mutumin da ake zaton ɗan kallo ne, ashe shi ma mai zaman makoki ne.

To amma masu makoki suna da yawa, ba kowa ne ke iya faɗin inda cutar ta samo asali ba. Amsar wannan tana cikin karatunsa. An haife shi a 1952 a Anchuna, ƙasar Ikulu ta Zangon Kataf. Ya yi karatun addinin Kirista a makarantar St. Augustine ta Jos, aka naɗa shi limami a 1976. Daga nan ya karkata ga nazarin al'umma: ya karanci sha'anin zaman lafiya a Jami'ar Bradford, ya yi digirin digirgir a makarantar SOAS ta Landan a 1990. Binciken nasa ya zama littafi a 1993, kan addini da siyasa da iko a arewacin Nijeriya. A ciki ya bi diddigin muhawarar Shari'a ta 1977 zuwa 1978, da tarzomar Maitatsine, da rikicin Kafanchan na 1987, yana nuna yadda masu neman mulki ke fakewa da addini, talaka kuma ya biya da jininsa. Arewa ita ce fagen karatunsa tun yana saurayi.

Saura abu guda: daga ina ya samo ƙarfin halin fuskantar shugaban ƙasa? Daga kujerar sauraro. A 1999 Obasanjo ya sa shi cikin kwamitin Mai Shari'a Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan'adam. Ƙorafi kusan dubu goma suka karɓa, suka yi zama a Abuja da Legas da Fatakwal da Inugu da Kano, gwauraye da marayu na ba da shaida a bainar jama'a. Tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, suka ƙi bayyana, gwamnati kuma ba ta taɓa fitar da rahoton a hukumance ba. Duk da haka Kukah bai yanke zumunci ba. A 2015 shi ne ya tattaro Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa ƙarƙashin Abdulsalamin nan, tare da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, suka sa Jonathan da Buhari rattaba hannu kan yarjejeniyar zaɓe ba tare da tashin hankali ba.

Yanzu amsa ta fito fili. Ƙasar aikinsa ce a lokacin, ya binne nasa, ya nazarci tushen cutar, ya kuma ga abin da ke biyo baya idan aka binne gaskiya. Mutum na iya ƙin kaifin harshensa, kuma Musulmi da dama sun ji zafin wasu kalamansa, amma ba za a ce shisshigi ya yi ba.

A 2023 aka ba Katsina yankin coci na kanta ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan jihar. Darasin rayuwar Kukah kuwa yana nan: ba a sulhu mai ɗorewa sai an saurari wanda aka zalunta. Matan da aka kashe wa maza a Batsari da Safana sun cancanci zama irin na Oputa, a rubuta sunayen mamatansu, a ji ta bakin manomi da makiyayi, sannan a fitar da rahoton kowa ya karanta.