Wurno, Raba da Goronyo: inda gaskiya ta ƙaryata zato

Duk wanda ya bi hanyar Goronyo da bazara, ya ga jigawa da tsakuwa, aka ce masa nan teku ce a da, dariya zai yi. Amma duwatsun yankin sun ƙaryata ido. A cikinsu aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, wadda ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, a lissafin masana. A 1972 masu bincike daga Italiya suka raɗa mata Goronyosaurus. Sunan garin ya shiga littattafan kimiyya na duniya, alhali da wuya ka sami mai sayar da albasa a kasuwar Goronyo da ya taɓa jin labarin.

Madatsar ruwan Goronyo ma haka take. An gama ta a 1984 a kan Gulbin Rima, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. A damanar 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ya cinye ƙauyuka da gonaki. A 2018 kuwa sai ga ta ta kusa ƙafewa.

Kowa na cewa Daular Sakkwato, amma sarakuna da dama a Wurno suka zauna. Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a can, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Da Bajamushe Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1853, fadar Aliyu Babba tana Wurno.

Babbar murɗiya kuwa a takarda take. A 1885 Joseph Thomson ya sa hannu a yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru a madadin kamfanin Ingila mai ciniki a Kwara. Kamfanin ya je Turai yana nuna takardar, wai an ba shi iko da gaɓar kogi. A fada kuwa, izinin fatauci aka ba baƙi, abin da suke kawowa duk shekara gaisuwa ce. Takarda ɗaya, kowa da karatunsa, kuma mai bindiga ne aka bi nasa.

Ga takarda ta biyu. A 1902 Gwamna Lugga ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman, Ɗanyen Kasko, ya aiko masa da wasiƙar da ke nufin yaƙi, ya kuma riƙe ta hujja har aka ci Sakkwato a Maris 1903. Fassarar Turanci kawai ake gani a kundi. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya yi shakkar wannan fassara a littafinsa na 1964.

Sai Raba, mahaifar Sir Ahmadu Bello. Ya zama hakiminta a 1934, ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938 bai samu ba, aka ba shi Sardauna aka tura shi Gusau. A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta ɗaure shi. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka wanke shi. Shekara 11 bayan zargin, shi ne Firimiyan Jihar Arewa.