Man Kifi Da Ciwon Damuwa: Abin Da Bincike Ya Nuna

Mai karatu, wataƙila ka ga ƙwayoyin man kifi da aka rubuta wa omega-3 a kemis a Funtua ko Malumfashi, aka ce maka suna maganin damuwa. Kafin ka kashe kuɗinka, ga abin da ya kamata ka sani.

Mene ne omega-3?

Wani nau'in kitse ne da jiki ke buƙata amma sai ta abinci yake samunsa. Iri uku ne. EPA da DHA suna cikin kifi mai maiƙo, kamar titus da sadin da shawa. ALA kuma yana cikin tsirrai, kamar waken soya da ake nomawa sosai a yankinmu. Jiki yana juya ALA zuwa EPA, amma kaɗan ne ƙwarai. DHA yana cikin abin da aka gina ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da shi, shi ya sa masana suka yi tunanin ko yana da alaƙa da yanayin zuciya.

Man gyaɗa da man angurya suna da omega-6, wanda shi ma jiki yana buƙata, amma kusan babu omega-3 a cikinsu.

Me masana suka gano?

A 1998 Dakta Joseph Hibbeln na Amurka ya lura cewa ƙasashen da ake yawan cin kifi, kamar Japan, ba su da yawan masu ciwon damuwa. Wannan bai tabbatar da cewa kifin ne dalili ba.

A 1999 Dakta Andrew Stoll na Jami'ar Harvard ya gwada man kifi a kan mutum 30 masu ciwon da ke sa mutum ya shiga murna da ɗoki fiye da kima, daga baya ya faɗa baƙin ciki. Waɗanda suka sha sun fi daɗewa ciwon bai tashi ba. Sai dai yawancinsu suna shan maganinsu na asibiti tare da shi, kuma mutum 30 sun yi kaɗan.

A 2021 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka mai suna VITAL, kan mutane sama da 18,000 masu shekara 50 zuwa sama. Sun sha giram 1 kullum na kusan shekara 5, amma bai hana su kamuwa da ciwon ba.

A taƙaice, man kifi mai yawan EPA yana iya ɗan taimaka wa mai ciwon idan an haɗa shi da maganin likita. Ba ya rigakafi, ba ya kuma maye gurbin magani.

Me za ka yi?

1. Kada ka daina maganin da likita ya rubuta maka don ka sayi man kifi. Ciwon yana iya dawowa da ƙarfi.
2. Ka ci kifi sau 2 a mako idan da hali. Tarwaɗa da karfasa na madatsar Mairuwa abinci ne mai kyau, amma titus da sadin sun fi su omega-3.
3. Ka sa awara da daddawar waken soya cikin abincin gida.
4. In kana shan maganin tsinka jini, kamar warfarin, ko kana da ciwon zuciya, ka tambayi likita kafin ka sha ƙwayoyin.
5. Mai juna biyu kada ta sha man hantar kifi sai da izinin likita, saboda yawan sinadarin bitamin A.

Yaushe za ka zo asibiti?

Asarar amfanin gona, bashin taki, rashin tsaro ko rasuwar ɗan'uwa suna iya jefa kowa cikin baƙin ciki. Amma idan ya kai mako 2 ba ka iya barci, ba ka son abinci, ka kasa zuwa gona ko kasuwa, to ka ga likita. Mace bayan haihuwa ma tana iya kamuwa. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Wanda yake tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti nan take, kada a bar shi shi kaɗai. Ciwon damuwa ba raunin imani ba ne, ciwo ne mai magani. Allah ya ƙara mana lafiya.